Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Tuƙi a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara?

TAMBAYA: Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Katsina da Maraɗi. Duk lokacin sanyi nakan ga hotuna a talabijin da waya, dusar ƙanƙara ta binne motoci a ƙasashen Turawa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wani garin za ka ga ta kai tsayin mutum amma motoci na ta kai da komo, wani garin kuma 'yar kaɗan ce ta zuba, sai ka ji an rufe makarantu, mutane sun kwana a kan hanya. Don Allah a yi mini bayani, yaya suke tuƙi a kanta, kuma me ya sa wasu suka iya wasu suka kasa? Daga wani mai karatu a Jibiya, Jihar Katsina.

AMSA: Malam, ka lura da kyau, domin abin da ka gani haka yake. Birnin Sapporo na ƙasar Japan yana samun dusar ƙanƙara kusan mita 5 a shekara, mutanensa kusan miliyan 2, kuma yara na zuwa makaranta, ma'aikata na zuwa ofis. Birnin Atlanta na Amurka kuwa, ranar 28 ga Janairun 2014, dusar da ta zuba ba ta kai santimita 7 ba, amma sai da mutane suka kwana cikin motoci. Sirrin yana cikin yawan zuwanta. Garin da ya san baƙuwar nan tana tafe kowace shekara ya tanadi doka da kayan aiki da kuɗi dominta, direbobinsa kuma sun saba. Garin da sai an shekara biyar ko goma take leƙo shi, kullum ba shiri take samunsa.

Bari mu fara da abin da ke kayar da mota. Sabuwar dusa da ta zubo yanzu tana da laushi, taya na nutsewa cikinta ta ɗan sami abin kamawa. Fitina na farawa ne bayan motoci sun tattake ta ta yi tauri, ko kuma rana ta narkar da ita da azahar, dare ya yi ruwan ya sake sandarewa. A nan ake samun wata siririyar ƙanƙara mai kama da gilashi a kan titi, wadda direba zai ɗauka kwalta ce kawai ta jiƙe. Ka tuna yadda mota ke yi maka a hanyar laka bayan ruwan Agusta, ka juya sitiyari dama ita kuma ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama? To haka ne, sai dai ita laka kana ganinta tun daga nesa. Ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya sun gargaɗi direbobi cewa a kan ƙanƙara nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita na iya ninka na busasshen titi har sau goma. Gadoji ne ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi na bi ta samansu da ƙarƙashinsu. A kan irin wannan titi na sama ne motoci kimanin 130 suka yi karo da juna a Fort Worth ta Jihar Teksas ranar 11 ga Fabrairun 2021, mutum 6 suka rasu. Saboda haka yanayin da ya fi haɗari shi ne lokacin da sanyi ke wasa a bakin digiri sifili, yau narkewa gobe daskarewa, kuma wannan shi ne irin yanayin garuruwan da kake gani suna kasawa.

Makami na farko taya ce. Robar tayar da muka sani tana fara tauri da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma roba mai tauri ba ta kama titi. Tayar sanyi ana haɗa ta da roba mai laushi, zanenta ya fi zurfi, kuma an tsattsaga shi da ƙananan tsagogi masu yawa da ke cizon dusa. A ƙasar Finlan aka fara ƙera ta, a 1934, a kamfanin da yau ake kira Nokian, kuma manyan motocin dako aka fara yi wa. Yau dokar Finlan ta wajabta tayoyin sanyi daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris idan yanayi ya buƙata, tare da sharaɗin kada zurfin zanen ya gaza milimita 3. Ba su tsaya nan ba. Da sanyi ya kama sai a rage gudun da aka halatta: babbar hanyar da ake gudun kilomita 120 ta koma 100, mafi yawan masu 100 su koma 80. A maƙwabciyarta Suwidin, ba za a ba ka lasin ba sai an kai ka wani fili da aka jiƙa ya yi santsi, ka taka birki da ƙafarka ka ji yadda mota ke ƙwacewa, malami na gefe yana kallo. A lardin Kubek na Kanada tun 2008 dokar tayar sanyi ke aiki, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus ta kafa tata a 2010, amma ba ta ɗaure ta da kwanan wata ba: duk ranar da titi ya yi ƙanƙara ko dusa, to dole a gan ka da ita. A irin waɗannan ƙasashe mai mota yana da tayoyi takwas, huɗu a jikin mota huɗu a ajiye, sau biyu a shekara ana layi wurin masu sauya taya.

Akwai wata tayar da ta fi wannan cizo, wadda aka dasa wa ƙananan ƙusoshin ƙarfe. A kan ƙanƙara tsantsa babu kamarta. Amma kowane allazi da nasa amanu. Idan titi ya bushe, ƙusoshin na kankare kwalta su mai da ita ƙura, mutane su shaƙa. A Japan abin ya yi muni a shekarun 1980, har aka riƙa yi wa birnin Sendai laƙabi da hamada saboda ƙurar da ke turnuƙe shi a lokacin sanyi. A 1990 aka yi dokar da ta hana amfani da su a yankunan da aka ayyana, kamfanonin taya kuma suka duƙufa wajen inganta tayar da ba ta da ƙusa. Jamus ta haramta su tun kafin nan. Birnin Oslo na Norwe bai hana ba, amma duk mai son shiga gari da su sai ya biya kuɗi. Finlan kuwa har gobe mafi yawan direbobinta da masu ƙusar suke tafiya. A kan duwatsu kuma, kamar tsaunukan Alps na Turai ko hanyar da ta ratsa tsaunukan Sierra Nevada a Kalifoniya, sarƙa ake ɗaura wa taya. Har sana'a ce a Kalifoniya: idan dusa ta sauko za ka ga mutane a gefen hanya sanye da rigunan ruwa, aikinsu ke nan ɗaura wa matafiya sarƙa a biya su.

Tunda mun ambaci Japan, bari in ɗan tsaya a kanta, don ni dai a ganina babu ƙasar da ta kai ta dabara a wannan fanni. Iska mai tsananin sanyi ce ke tasowa daga Saibiriya, ta ratsa Tekun Japan mai ɗan ɗumi ta kwaso danshi, ta zo ta ci karo da tsaunuka ta juye shi duka a gefen ƙasar da ke fuskantar tekun. Shi ya sa birni kamar Aomori ke samun fiye da mita 5 a shekara. A yankin Niigata dusar na da nauyi da jiƙa, amma sanyin bai cika sauka can ƙasa da sifili ba. Sai mutanen birnin Nagaoka da ke yankin suka lura ruwan rijiya ya fi iskar waje ɗumi nesa ba kusa ba. A 1961 suka binne bututu a tsakiyar titi mai ƙananan ɓuloli, yana fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa, dusa na sauka tana narkewa. Dabarar ta bazu a garuruwan yankin. Sai dai ita ma ta zo da nata: yawan zuƙo ruwa ya sa ƙasa ta riƙa lotsawa a wasu garuruwa, dole aka sa ƙa'ida a kan haƙa rijiyoyin. Kuma ba za ta yi aiki a tsibirin Hokkaido na arewa ba, inda sanyi ya fi tsanani, domin ruwan da ka fesa shi zai zame maka ƙanƙarar. A can abin da za ka gani shi ne kibiyoyi masu ratsin ja da fari rataye a saman hanya suna nuna ƙasa, don direba ya san inda gefen titi yake bayan komai ya koma fari fat. Ko danja a yankunan dusa a tsaye ake kafa fitilunta maimakon a kwance, don kada dusa ta taru a kansu.

Makami na biyu zai ba ka mamaki: gishiri. Ruwan da ke da gishiri ba ya daskarewa a digiri sifili, sai sanyi ya wuce haka. Jihar New Hampshire ta Amurka ce ta fara gwada watsa shi a titi a 1938, yau kuwa Amurka na zuba abin da ya kai tan miliyan 20 a shekara. Birtaniya na haƙo mafi yawan nata daga wata mahaƙa a Winsford. Masu aikin sun gano ya fi kyau a fesa ruwan gishiri tun kafin dusa ta sauko, don kada ta manne da kwalta, kuma a wasu gundumomin Jihar Wisconsin, inda ake yin cuku da yawa, ruwan gishirin da masana'antun cuku suka gama da shi ake karɓowa a fesa. Amma gishiri na cin ƙarfe. Yana shiga cikin kankare ya cinye rodi, yana gangarawa tafkuna da rijiyoyi, yana ƙona itatuwan gefen hanya. Gadar Champlain ta birnin Montiriyal na Kanada, wadda aka buɗe a 1962, sai da aka daina amfani da ita a 2019 aka gina sabuwa, kuma gishiri na cikin manyan abubuwan da suka tsufar da ita. Shi ya sa a birane da dama na Jamus, ciki har da Balin, an hana mai gida watsa gishiri a gefen titin ƙofar gidansa, ko da yake doka ta ɗora masa share wurin. Yashi ko tsakuwa zai zuba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Duk bakaniken da ya saba shiga ƙarƙashin motoci 'yan Kwatano ya san wasu na zuwa jikinsu na sheƙi amma ƙasansu tsatsa ta ci, salansa ta ruɓe, bututun birki sun yi laushi. Yawanci motocin Kanada ne da jihohin arewacin Amurka, waɗanda suka yi shekaru suna wanka da ruwan gishiri. Wanda zai sayi mota ya leƙa ƙasanta kafin ya yaba fentinta.

Gishiri kuma yana da iyaka. Da sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, idan ya wuce 20 kuwa kusan aikin banza ne. To yaya mutanen Yakutsk na Rasha suke yi, inda a watan Janairu digiri 40 ƙasa da sifili ba labari ba ne? Abin mamaki, a irin wannan sanyi titi bai kai na bakin sifili santsi ba, domin babu narkewa. Damuwarsu ita ce motar kanta. Batir na mutuwa, baƙin mai na yin kauri, man dizal na daskarewa kamar kakide idan ba irin na sanyi ba ne. Wanda ba shi da gareji mai ɗumi, ko dai ya lulluɓe motar da wani bargo na musamman tare da na'urar da ke tayar da injin lokaci-lokaci, ko ya bar ta a kunne, ko ya ajiye ta sai bazara. A Finlan da Suwidin da tsakiyar Kanada kuwa za ka ga sanduna masu soket a wuraren ajiye motoci, a jona waya ta riƙa ɗumama injin kafin safiya. Kuma babu mai zuba ruwa zalla a lagireto yadda wasunmu ke yi, domin ruwa na kumbura idan ya daskare, zai iya fasa injin. Ruwan magani ake zubawa wanda ba ya daskarewa.

A can arewa mai nisa sanyin ma shi ke gina hanya. Mutanen Yakutsk da jirgin fito suke tsallaka Kogin Lena da bazara, da sanyi kuma su bi ta kansa da mota. A arewacin Kanada tireloli na kai mai da kayan aiki mahaƙan lu'ulu'u ta kan daskararrun tafkuna, na kimanin wata biyu a shekara, kuma mai kaya ba ya wuce gudun kilomita 25. A Istoniya, shekarar da sanyi ya yi ƙarfi, akan buɗe hanya a kan teku zuwa tsibirai. Dokokin wannan hanya sai ka ce an juya duniya: ba a ɗaura bel, don mutum ya iya ficewa da sauri idan ƙanƙara ta fashe, kuma ana guje wa gudu tsakanin kilomita 25 da 40, domin shi ke tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Makami na uku shi ne kwashewa, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. Motar da aka ɗaura wa faifan ƙarfe a gaba tana ture dusa gefe ne kawai. A babban birni gefen ma cika yake. Montiriyal, mai samun kimanin mita 2 a shekara, tana da tituna da hanyoyin ƙafa da suka kai kilomita 10,000, kuma bayan kowace babbar zuba sai an loda dusar a tifofi an fitar da ita. Ana kafa alamun hana ajiye mota, janwe ta bi layi tana jiniya, wanda bai janye tasa ba a janye masa a ci shi tara. Sai wani inji ya biyo yana zuƙe dusar yana feso ta cikin tifar da ke tafiya a gefensa, wannan ta cika wata ta matso. Wani mutumin yankin mai suna Arthur Sicard ne ya ƙera irin wannan inji a 1925. Ana juye wata dusar a manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, wata a tsohon ramin fasa dutse, tulin kuma yakan kai tsakiyar bazara bai gama narkewa ba. Aikin na cin kusan dala miliyan 200 ta Kanada a shekara.

To yanzu ka sa kanka a matsayin magajin garin Atlanta ko Landan. Za ka kashe irin wannan kuɗi a kan motocin da za su shekara uku a ajiye suna tsatsa? Za ka tilasta wa kowa sayen tayoyi huɗu saboda kwana biyu? Birtaniya ba ta da dokar tayar sanyi, kuma ban ga laifinta ba. Sakamakon dai shi ne ranar da abin ya zo da ƙarfi, kamar ƙarshen Fabrairun 2018 da motoci wajen 1,000 suka maƙale dare guda a kan babbar hanyar M80 ta Sikotlan, sai a sha wuya. Mutanen arewa kan yi wa na kudu dariya a kan haka, ko a cikin ƙasa ɗaya. Har yau 'yan Kanada na tsokanar mutanen Toronto saboda magajin garinsu Mel Lastman ya kira sojoji su taya share dusa a 1999. Amma siyasa ba ta ɗauki abin da wasa ba. A Shikago, bayan dusar Janairun 1979 ta bar tituna a toshe, masu zaɓe sun kayar da magajin gari Michael Bilandic a zaɓen fid da gwani, Jane Byrne ta zama mace ta farko da ta riƙe birnin.

Sai dai idan ka bi labaran da aka yi asarar rayuka ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ba rashin katafila ne ya fi yin ɓarna ba. Jinkirin yanke shawara ne. A Atlanta, masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi, amma aka bar makarantu da ofisoshi a buɗe. Da dusa ta fara sauka da rana, sai aka sallami kowa lokaci ɗaya: ɗalibai, ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa. Tituna suka cushe, dusar da tayoyi suka narkar ta daskare a ƙarƙashinsu, tireloli suka gicciye, motocin watsa gishirin ma suka rasa ta inda za su bi. Dubban yara suka kwana a makarantu, wasu a cikin bas, wata mata ta haihu a mota a kan babbar hanya. Mako biyu bayan haka wata ƙanƙarar ta sake zuwa, wadda ta fi ta farko. Wannan karon an rufe komai tun da wuri, mutane suka zauna gida, tituna suka zama wayam. Birnin bai sayi wasu kayan kirki cikin mako biyu ba. Shawara ce ta sauya.

Kuma sabo kaɗai ba ya ceto. Buffalo ta Jihar New York na cikin biranen Amurka da suka fi sanin dusa, amma guguwar Disambar 2022 ta kashe fiye da mutum 40 a yankin, wasu a cikin motocinsu, kuma an soki hukuma cewa ba ta hana tuƙi ba sai da mutane da yawa suka riga suka fita aiki. Japan ma, da duk dabarunta, a Disambar 2020 motoci fiye da 1,000 suka maƙale a babbar hanyar Kan-Etsu, wasu kusan kwana biyu, sai da sojoji suka kai ɗauki. Tun daga nan hukumomin ƙasar suka ƙara karkata ga rufe hanya tun kafin a maƙale.

Mafi ban tausayi shi ne na Murree, wani garin shaƙatawa a kan tsauni kusa da Islamabad ta Pakistan. A farkon Janairun 2022 dubban motoci suka ɗunguma can, iyalai sun tafi kallon dusa. Ba a tare hanya ba sai da ta cika maƙil. Dare ya yi, guguwa ta sauko, aƙalla mutum 22 suka rasu a cikin motoci, har da ƙananan yara. Wasu sanyi ne ya kashe su, amma da yawa hayaƙi ne. Sun rufe gilasai sun bar injin a kunne don hita ta ɗumama su, dusa ta toshe bakin salansa, iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta dawo cikin motar. Barci kawai mutum zai ji yana ɗaukarsa. Irin gubar nan ce ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki.

Kwatanta wannan da Norwe. A hanyar da ta ratsa tudun Hardangervidda, idan yanayi ya ɓaci, shinge ake sauke wa. Motoci su jira a bayansa, sai motar share dusa ta zo ta ƙirga adadin da za ta iya ja, ta shige gaba su bi ta a jere da fitilu a kunne, wata motar ma'aikata na biye a baya. Ba a tsayawa, ba a wuce juna, ba a juyawa. Idan abin ya fi haka, a rufe gaba ɗaya, kowa ya nemi wurin kwana. Ba sai ƙasa mai arzikin Norwe ke iya wannan ba. A nahiyarmu ma Maroko na da shingayen dusa a hanyoyin tsaunukan Atlas, kamar mashigar Tizi n'Tichka tsakanin Marrakesh da Warzazat, jandarmomi na rufewa har sai an share. Kada ka yi mamakin jin Afirka a wannan zance: a garin Ifrane na Maroko aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935, kuma a Satumbar 2024 dusa ta tare matafiya dare guda a kan hanyar Johannesbag zuwa Durban a Afirka ta Kudu, har aka rasa rai. A ra'ayina, cikin duk kayan yaƙi da dusa, sandar shingen nan ita ce mafi araha kuma ita ta fi ceton rai, sai dai tana buƙatar shugaban da zai jure zagin mutane ranar da ya rufe hanya dusar kuma ba ta zo ba.

Game da hannun direba kuwa, ƙa'idar ɗaya ce: komai a hankali. Totur a hankali, birki a hankali, sitiyari a hankali. Mai motar giya yakan tashi da giya ta biyu don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ana barin tazara mai yawa, ana rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Idan bayan mota ya fara zamewa, a ɗaga ƙafa daga totur, a kalli inda ake son zuwa a mai da sitiyari can. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma wajen tsayawa ba ta fi kowa ba, shi ya sa masu manyan jifa-jifai kan yawaita a cikin rami ranar dusar farko. Ba a zuba ruwan zafi a gilashin da ya daskare, tsagewa zai yi, kankarewa ake yi. Ana ajiye shebur da bargo da tocila da ɗan abinci a but. Wanda ya maƙale kuma ya zauna cikin motarsa, ya fita lokaci-lokaci ya share bakin salansa, ya kunna injin kamar minti 10 a kowace awa, ya ɗan sassauta gilashi. Idan kana da ɗa ko ƙane da ya tafi karatu ko aiki Kanada, Rasha ko arewacin Turai, wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi cancanta ka isar masa.

Saura abu ɗaya da ya shafi sana'arka, Malam. Tayoyin sanyin da Turawa suka gama da su ba duka ake narkarwa ba, wasu na biyo kwantena su shigo kasuwannin tayoyin gwanjo na Afirka ta Yamma. Zanensu na da zurfi, ido na ganinsu kamar sababbi, farashi kuma da sauƙi. Amma robar da aka yi don ta yi laushi a cikin ƙanƙara, a kan kwaltar Jibiya a watan Afrilu saurin suɗewa take yi, kuma birkinta a busasshen titi mai zafi bai kai na tayar da aka yi don zafi ba. Gane ta ba wuya: duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kawuna uku da tambarin ƙwayar dusa mai rassa shida a cikinsa. Idan ka ga wannan, ka bar wa mai ita kayansa ko da ya yi maka ragi.